Amsar tambayar Yaya kan bindigar da ake sayarwa a shago a Amurka

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya jikin Hajiya? Na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce ka ga hoton wani ɗan Najeriya a Texas riƙe da bindiga irin ta soja, kana tambaya ko da gaske a shago ake sayenta kamar babur, nawa ne kuɗinta, kuma ko mu Hausawan nan muna ajiye ta a gida. Na kuma ji abin da ba ka furta ba, domin na san halin da ake ciki a hanyar Funtua zuwa Gusau.

Gaskiya ne, a shago ake sayenta. Wadda ka gani ana ce mata AR-15, daga sunan kamfanin ArmaLite da ya fara ƙera ta kafin ya sayar wa kamfanin Colt a 1959. Kama ce kawai da ta soja. Ta soja idan ka danne kunama za ta yi ta ruwan harsashi, wannan kuwa jan kunama ɗaya, harsashi ɗaya, sai dai ita take ɗora wa kanta na gaba. Tun 1986 doka ta hana farar hula mallakar sabuwar bindiga mai ruwan harsashi.

Kuɗinta hawa-hawa ne. Akwai ta dala 500 zuwa 700, akwai ta manyan kamfanoni irin Daniel Defense da ke jihar Jojiya, wadda ke kaiwa wajen dala 2,000. A ido ba za ka bambanta su ba. Bambancin yana cikin bututu da ƙarfen da ke kai harsashi ya dawo. Bututun mai tsadar da guduma ta inji ake ƙera shi, a shafe cikinsa da ƙarfen da ke jure zafi, shi ya sa yake daɗewa saitinsa bai gurɓace ba. Ana gwada ƙarafan ciki ɗaya bayan ɗaya don kada a sami tsaga. Nauyin bindigar kusan kilo uku, tsawon bututun inci 16, domin wanda ya gaza haka sai da rajista ta musamman. A ganina, mutumin da sau uku ko huɗu zai je filin gwajin harbi a shekara ba ya bukatar mai tsadar. Masu gasa da masu harba dubban harsasai su ne ke cin moriyar kuɗinsu. Kuma kuɗin bindiga somin-taɓi ne: madubin saiti mai kyau yakan ci ɗaruruwan daloli, ga akwatin ƙarfe na ajiya, ga kuɗin malamin koyarwa, ga harsashi da kowane ɗaya yakan kai kusan rabin dala.

Sayen ma ba miƙa kuɗi ka ɗauka ba ne. Za ka nuna katin shaida, ka cike takardar gwamnati mai lamba 4473, mai shago ya tura sunanka hukumar FBI ta duba ko an taɓa kama ka da babban laifi ko dukan iyali. Dole ka kai shekara 18, kuma tun 2022 wanda bai kai 21 ba ana ƙara bincike a kansa. Nan ne mutanenmu suka fi bukatar hattara. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya saye, amma ɗalibi ko baƙo mai biza doka ta hana shi, sai da wasu 'yan sharuɗɗa kamar lasisin farauta. Yin ƙarya a takardar nan, ko saya wa wani da sunanka, laifi ne na shekaru a kurkuku, wanda ba ɗan ƙasa ba kuma a tasa ƙeyarsa gida. Jiha ma da jiha ba ɗaya ba: abin da na bayyana maka na Texas ne, a Kalifoniya da New York da Illinois an taƙaita irin wannan bindiga ƙwarai ko an hana sayar da ita.

Mu kuwa, yawancin waɗanda na sani ba su da ita. Mun zo neman ilimi da abinci, kuma mun taso a inda ganin bindiga a hannun farar hula alamar tashin hankali ce. 'Yan kaɗan da suka mallaka, ko dai masu fita farautar barewa ne a lokacin sanyi, su yi bisimilla su harba su rabo mana nama, ko masu taimakawa wajen gadin masallaci ranar Juma'a da Idi, abin da ya ƙaru bayan harin masallatan birnin Christchurch na ƙasar New Zealand a 2019. Ko mafarautan ma da yawa sun fi son bindiga mai babban harsashi, domin na AR-15 ƙarami ne. A tsakaninmu ba a baje kolinta. Wanda ya ɗora hotonsa da ita a Facebook, dattawa sukan kira shi gefe su ja masa kunne. Kafin mutum ya saya sai ya shawarci uwargida, kuma na san gidajen da maganar ta mutu a nan, domin ita ce ke wuni da yara.

Matan suna da hujja. A nan Texas, a garin Uvalde, ranar 24 ga Mayu 2022, wani yaro ɗan shekara 18 ya shiga makarantar firamare da irin wannan bindiga, wadda ya saya bisa doka, ya kashe yara 19 da malamai biyu. Washegari na kai 'ya'yana makaranta, na daɗe a mota ban iya tafiya ba. Tun ranar duk wanda ya tambaye ni wacce zai saya, tambayar da nake fara yi masa ita ce ina zai kulle ta, kuma wa zai riƙe makulli. Dokar jihar ma tana hukunta wanda ya bar bindiga da harsashi a ciki inda yaron da bai kai shekara 17 ba zai kai hannu.

Batun da ba ka furta ba kuma, Yaya, ba zan iya turo maka ba, kuma don Allah kada ka saurari wanda ya ce zai sako maka ita a cikin mota ko kwantena. Fitar da ita daga Amurka ba da izini ba babban laifi ne, a Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 ba ta bar mutum ya riƙe bindiga ba lasisi ba. Idan aka tsinci irin wannan a gidanka, ba wanda zai tsaya jin cewa gonarka kake karewa. Na san ciwon barin gona ba noma shekara biyu, ni ma gadona ce. Mu yi magana ranar Lahadi kan kuɗin hayar gidan da ka samo wa su Hajiya a cikin gari, zan turo rabona kafin ƙarshen wata. A gaida yara.