Binciken masu gadin daji: wa ake tambaya, wa ake bari?

Ka tambaya ko binciken da ake yi kan masu gadin gandun daji ya shafi kowane irin tsarin kula da daji. Gaskiya a'a. IUCN, wato ƙungiyar kare muhalli da halittu ta duniya, ta kasa tsarin gida 4: na gwamnati, na haɗin gwiwa, na masu zaman kansu, da na ƴan asalin wuri da al'umma. Amma duba binciken da WWF, wata ƙungiyar kare namun daji ta duniya, ta yi a 2019, mutum 7,110 a ƙasashe 28, duk ma'aikatan gwamnati ne masu sintiri, don su ne ke da yunifom da albashi da suna a rajista, samunsu ba wuya. Shi kuwa mutumin ƙauye da ke kwance tarkon mafarauta a dajin kakanninsa ba ko sisi, ba ya cikin lissafi, kuma abin na damuna sosai don da waɗannan alƙaluman ake tsara horo da inshora.