Tambaya da Amsa: In Daina Leƙa Google Translate Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Agege, Faransanci nake koyo, ina shirin jarrabawar DELF, ta shaidar iya Faransanci, matakin B2. Malaminmu ya ce mai amfani da Google Translate kansa yake cuta, ni kuwa kullum sai na leƙa. In daina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki daina, lokacin buɗe shi za ki sauya.

Malaminku na da gaskiyarsa. A sashen rubutu na B2 awa ɗaya za a ba ki, ki rubuta aƙalla kalmomi 250 kina kare ra'ayi da hujja, ba waya ba ƙamus. Wadda ta saba inji ke gina mata jimla, ranar sai ta yi ta cizon biro.

Ɗalibaina da suka yi nisa, takarda suke fara ɗauka. Su rubuta wasiƙar da Faransancinsu har ƙarshe, da kurakuranta da komai. Sai sun gama suke ba injin wannan magana da Turanci ya fassara, su jera biyun su duba. Inda suka saɓa, nan karatun yake. Me ya sa ya canja siffar aikatau bayan “bien que”? Me ya sa kalmar da kika mayar namiji ta fito mace? Wani lokaci shi ke da gaskiya, wani lokaci ke, kuma ƙamus irin Larousse ko Le Robert ne zai raba gardama. Abin da kika gano ki kwafe a littafi da hannunki.

Na ce da Turanci ne da dalili. Tun 2013 aka sa Hausa a Google Translate, tare da Yarbanci da Igbo, amma rubutun Hausar da ya koya daga ciki bai kai ko kusa da na Turanci ba. Ki ba shi karin magana ki ga yadda zai kwaɓa ta. Kuma bai san wa kike rubuta wa ba, sai ya sa miki “tu” na sabo a wasiƙar magajin gari, inda “vous” na girmamawa ya wajaba. Wannan na ci mini rai, don maki ne ke zubewa a banza.

Jarrabawar baki kuwa, inji ba zai tsaya miki ba. Legas kike: akwai cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française a Ikoyi, akwai ƙauyen koyon Faransanci a Badagry. A Agege ɗin ma ba za ki rasa maƙwabciya 'yar Maraɗi ko Damagaram da ta yi boko da Faransanci ba. Ki roƙe ta ku riƙa hirar rabin awa bayan la'asar, tana gyara miki.