Tambaya da Amsa: Koyar da Labarin Ƙasa a Firamare

Tambaya: Assalamu alaikum. Aji 4 nake koyarwa. Yarana sun haddace jihohi 36 da manyan biranensu, suna rera su kamar waƙa, amma da na rataya taswira na ce a nuna mini Jigawa sai aji ya yi tsit. Ina gizo yake saƙar?
Wata malama daga Gumel

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Haddar ba laifi ba ce, gaggawar kai su ga taswirar Nijeriya ce matsalar. Yaron da bai taɓa zana ajinsu ba bai san taswira kallo ce daga sama ba. Shi ya sa in kika ce ya zana benci sai ya yi masa ƙafafu.

Ki fara da kofi, da littafi, da takalmi. A ajiye su a ƙasa, a zagaye gindin kowanne da alli, sannan a ɗauke. Kofi ya zama da'ira, littafi ya zama mai kusurwa huɗu. Wannan ita ce taswirarsu ta farko. Mako na gaba a auna aji da igiyar da aka ƙulle a kowace mita. In tsawonsa mita 8 ne, faɗi mita 6, a ce kowace mita ɗaya santimita 2 ce a takarda. Ajin zai fito santimita 16 da 12, ya shiga shafin littafin rubutu daidai. Kada a auna da taku, domin takun ɗan shekara 9 da na ɗan shekara 12 ba ɗaya ba ne, taswirori za su saɓa, yara su ɗauka awo son rai ne. Daga aji sai harabar makaranta, sai hanyar gida zuwa makaranta da masallaci da rijiya da kasuwa, sai ƙaramar hukuma, sai jiha.

Ranar da taswirar Nijeriya za ta fito, a shimfiɗa ta a ƙasa, arewacinta na fuskantar arewa ta gaskiya. Taswirar bango ce ke sa yara su zaci arewa tana wajen rufi, har su yi gardama cewa kogi ba ya gudu “sama”, alhali ga Kogin Haɗeja nan cikin jiharku yana gangarawa arewa maso gabas, ruwansa ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi.

Tambaya: Ba mu da kamfas a makarantarmu. Na koya wa yara cewa alƙibla ita ce gabas, kuma inuwar tsakar rana arewa take nunawa kamar yadda na gani a wani littafi. Wani abokin aiki ya ce duka biyun da gyara. Wa ke da gaskiya?
Wani malami daga Bichi

Amsa: Abokin aikinka, Malam. A bakinmu mukan ce “fuskanci gabas” in za a yi salla, amma daga yankin Kano alƙibla ta karkata zuwa arewa da kimanin digiri 22 daga gabas ta ainihi. In ka ɗora sauran kusurwoyi a kanta, duk za su goce tare.

Zancen inuwa kuwa na ƙasashen da ke can arewa ne irin su Ingila, inda rana take kudu da su da tsakar rana duk shekara. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana takan bi ta arewa da mu, inuwar tsakar rana ta koma kudu. Malamin da ya yi gwajin a watan Yuni da wancan littafi a hannu, kunya zai sha gaban ɗalibai.

Ga hanyar da ba ta zaɓar wata. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili mai daidaito, a tabbatar ta miƙe cak ta hanyar rataya dutse da zare a gefenta. Da misalin ƙarfe 10 na safe a ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwar. A zarga igiya a gindin sandar, a zana da'ira da ta bi ta kan tsakuwar. Inuwa za ta gajarce, ta sake tsawo. Da zarar ta taɓa da'irar bayan azahar, a sa tsakuwa ta biyu. Layin da ya haɗa su shi ne yamma da gabas, tsakuwar safe ce yamma. Abin da ke ɓata shi sanda karkatacciya ce, ko ƙasa mai gangare, ko ɗan kiriniyar da ya girgiza ta lokacin tara. A yi wa layin fenti ya zauna.

Tambaya: Yaya ake haɗa ma'aunin ruwan sama ba tare da kashe kuɗi ba?
Wani shugaban makaranta daga Funtuwa

Amsa: A sami robar ruwa ta lita ɗaya da rabi mai miƙaƙƙen jiki, a yanke ta daidai kafaɗa, a kifa saman a ciki ya zama mazurari. Gindin roba ba shafaffe ba ne, don haka a zuba tsakuwa da ruwa har su rufe lanƙwasar, a ja layin sifili a nan, a manna rula. A binne gindin kaɗan a fili, nesa da bishiya da indararo, a kewaye da ƙaya saboda awaki. A karanta ƙarfe 8 kowace safiya, a zubar, a mayar da ruwan kan sifili. In an bar shi ya wuni, rana za ta sha rabonta. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi. Hutun ƙarshen shekarar karatu yakan faɗo a Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa, don haka tun kafin a tashi a damƙa littafin awon ga maigadi ko ɗalibai biyu da ke maƙwabtaka da makaranta.