Hira da baƙi a manhajojin musayar harshe: tana buɗe bakin mai koyon Turanci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, ina shirin zana jarrabawar IELTS ta gwajin ƙwarewar Turanci nan da wata biyar. Karatu da rubutu da Turanci ba sa ba ni wahala, amma da zarar an ce in yi magana sai kalmomin su gudu, in rasa ta inda zan fara. Wata ƙawata ta ba ni shawarar in sauke HelloTalk ko Tandem in riƙa hira da mutanen wasu ƙasashe. Na yi mako uku ina gwadawa, amma Turawan da nake aika wa saƙo ba sa amsawa, waɗanda ke amsawa kuma hirar ba ta wuce tambayar suna da gari, wasu ma maganar banza ce ta kawo su. Shin wannan hanya tana da amfani, ko lokaci da data kawai nake ɓatawa?

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Hanyar tana da amfani, kuma ina ba ɗalibaina shawarar bin ta, amma ba yadda kika bi ta a makonni ukun nan ba. Abin da ke buɗe baki shi ne a samu mutum biyu ko uku da za a riƙa magana da su a kai a kai, a kan batun da aka shirya tun kafin a kira. Sallama ga baƙo hamsin ba ta yin wannan aiki.

Matsalar da kika bayyana sananniya ce a fagen koyar da harshe. A 1985 wata masaniya mai suna Merrill Swain ta yi bayani kan yaran Kanada masu jin Turanci da aka shafe shekaru ana koyar da su darussa da Faransanci. Fahimtarsu ta kusa kai ta 'yan asalin harshen, amma idan suka buɗe baki sai a ji kurakuran nahawu sun ƙi barinsu. Ta nuna cewa sauraro da karatu kaɗai ba sa isa, sai an matsa wa mai koyo ya haɗa jimla da kansa, domin a lokacin ne yake gano giɓin da ke tsakanin abin da yake son faɗa da abin da bakinsa zai iya fitarwa. Mu kuwa a makarantunmu malami ne ke magana, ɗalibai masu yawa suna kwafa daga allo, hatta ɓangaren furuci na jarrabawar WAEC a Najeriya a takarda ake amsa shi. Saboda haka ba ƙarancin ilimi ke damunki ba. Harshenki ne bai samu atisaye ba.

Shirun Turawan kuma yana da dalili, kuma ba raini ba ne a mafi yawan lokuta. Tsarin musayar harshe ya samo asali ne daga tarukan matasan Faransa da Jamus a shekarun 1960, inda ake haɗa Bafaranshe da Bajamushe kowa ya koya wa ɗan'uwansa harshensa. Tushensa ba ni gishiri in ba ka manda ne. Manhajojin yau, wato HelloTalk da aka ƙirƙira a Shenzhen ta ƙasar Sin da Tandem da ke Berlin, a kan wannan tushe aka gina su. Ba'amurken da ya shiga ciki galibi Sifaniyanci ko Japananci ko Koriyanci yake nema, kuma saƙonni suna yi masa yawa daga masu neman Turanci a ko'ina cikin duniya. Masu neman Hausa kaɗan ne, amma akwai su. An daɗe ana nazarin Hausa a makarantar SOAS da ke Landan, da makarantar Inalco a Paris, da jami'ar Warsaw, da jami'ar koyon harsunan waje ta Beijing, ga kuma 'ya'yan Hausawa da aka haifa a Turai da Amurka masu son su iya gaisawa da kakanninsu. Ki nemi irin waɗannan, domin a wurinsu kina da abin bayarwa mai daraja, ba roƙo kike ba.

Akwai wani dalili na biyu da ba na jin daɗin ambatonsa, amma ɓoye shi ba zai taimake ki ba. Aikin 'yan damfara ya sa wasu suna ɗari-ɗari da duk wanda suka ga tutar Najeriya a shafinsa. Maganin da na ga yana aiki shi ne mutum ya cika bayanin kansa da gaskiya, ya rubuta sana'arsa da abin da ya kawo shi, kuma saƙonsa na farko ya zama mai ma'ana. Wanda ya rubuta gaisuwa ɗaya tak ya yi shiru ba a cika kula shi ba. Wanda ya ce shi ma'aikacin jinya ne, yana shirin IELTS, yana neman wanda za su riƙa atisayen magana na rabin awa sau biyu a mako, ya riga ya nuna da gaske yake.

Sai dai babbar shawarata ita ce ki daina kafa ido a kan Turawa. Masanin harshe David Crystal ya daɗe da kiyasta cewa waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne sun ninka 'yan asalinsa kusan sau uku. Ma'aikaciyar jinya daga Filifin ko Indiya ko Kenya da ke shirin jarrabawa iri ɗaya da taki ta fi miki amfani fiye da Baturen da ya shigo don ya rage dare, domin buƙatarku ɗaya ce, ba za ta gaji da maimaici ba, kuma ba za ta saɓa alƙawarin lokaci cikin sauƙi ba. Kada ki ji tsoron cewa lafazinta zai ɓata naki. Mai jarrabawar IELTS abu huɗu yake aunawa: gudanar magana da haɗuwar ma'anarta, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. A furucin ma abin da ake dubawa shi ne a fahimce ki ba tare da wahala ba, ba a neman ki koma 'yar Landan. Gaskiya ne cewa wadda take koyo kamar ki ba za ta kama duk kurakuranki ba, don haka ki riƙa cike wannan giɓi da sauraron ingantaccen Turanci kullum, kamar shirye-shiryen koyon Turanci na BBC. Wajen tsayar da lokaci ki tuna cewa Filifin tana gaban Najeriya da awa 7, Indiya da awa 4 da rabi, Kenya da awa 2.

Yanzu ga yadda hirar kanta ya kamata ta kasance. Da fari dai, murya za ki yi amfani da ita. Mutane da yawa suna shafe watanni suna rubuta saƙo a waɗannan manhajoji suna ganin suna ci gaba, alhali rubutu yana ba mutum damar ya tsaya, ya goge, ya duba ƙamus, kuma wannan damar ce ba za ki samu ba a gaban mai jarrabawa. Idan kiran kai tsaye yana firgita ki, ki fara da saƙon murya na minti ɗaya na tsawon mako guda, sannan ki wuce zuwa kira. Ba dole ne bidiyo ba, murya ta fi sauƙin data kuma ta fi kare sirri.

Ɓangaren magana na IELTS minti 11 zuwa 14 ne, kashi uku. A kashi na biyu ana ba ki kati mai ɗauke da batu, a ba ki minti ɗaya ki shirya, sannan ki yi magana ke kaɗai har zuwa minti biyu. Ku mayar da wannan ginshiƙin hirarku. Ku zaɓi batu tun jiya, misali wani mutum da ya taimake ki, ko wani wuri da kika taɓa ziyarta, ko ranar da kika fara aiki. Ke ki yi naki abokiyar hirarki tana riƙe da agogo, ta yi miki tambayoyi a kai, sannan ku juya. Akwai kuma wata dabara da Paul Nation na jami'ar Victoria da ke Wellington ya yi nazari a kanta, wadda ake kira 4/3/2: mutum ya ba da labari ɗaya cikin minti huɗu, ya sake ba wani mai sauraro cikin minti uku, ya sake ba na uku cikin minti biyu. A karo na farko za ki ji kanki kina lalube, kina cewa "eh" da "am". A karo na uku kalmomin sun riga sun zauna, jimlolin suna fitowa a jere. A nan ne yawan baƙi yake zama alheri, domin kowane sabon mai sauraro dama ce ta maimaita labarin ba tare da an ƙosa da ke ba. Ɗakunan hira na murya da ke cikin waɗannan manhajoji, da irin na shafin intanet na Free4Talk, sun dace da wannan atisaye.

Game da gyara, kada ki yarda a riƙa katse ki a kowace jimla, domin hakan yana mayar da hannun agogo baya ga mai jin tsoron magana. Ki roƙi abokiyar hirarki ta rubuta kurakurai uku kacal da suka fi maimaituwa, ta faɗa miki a ƙarshe, ke kuma ki rubuta su a littafi guda ki duba shi kafin kira na gaba. Mu Hausawa wuraren tuntuɓenmu sanannu ne. Harshenmu bai raba sautin p da f ba, shi ya sa pill da fill, ko pull da full, suke fitowa iri ɗaya. Ki tsaya gaban madubi: a p leɓɓa biyu ne ke haɗuwa su rufe sannan iska ta fashe, a f kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa iska tana wucewa. Haka abin yake tsakanin v da b, kamar very da berry. Muna kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe masu jere, kamar yadda bread ya zama burodi, don haka kalmomi irin sprain da strength da kike amfani da su a asibiti suna buƙatar kulawa. Sai kuma maganganun da muka ɗauko daga Hausa muka sa musu rigar Turanci. Wata ɗalibata tana hira da wata 'yar Brazil aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ta ce "I am coming" ta tashi, tana nufin "ina zuwa". Da ta dawo sai ta tarar da abokiyar tata cikin ruɗani tana tambayar ina za ta zo. Daga ranar ta koyi cewa "I'll be right back" ake faɗa, kuma ba ta sake mantawa ba. Irin wannan darasi ba a samunsa a tsakaninmu, domin dukkanmu mun fahimci abin da ake nufi. Sai baƙo ne ke iya nuna mana shi.

Batun masu maganar banza kuwa ina so ki ɗauke shi da muhimmanci. Duk wanda ya fara yabon hotonki, ko ya tambayi ko kina da aure tun a hirar farko, ko ya matsa a koma WhatsApp ko Telegram, ki toshe shi ki kai rahotonsa ga masu manhajar. Kunyar da aka tarbiyyantar da mu a kanta kada ta hana ki, domin ba ki da wani nauyin baƙon da ya wuce iyaka. Ya fi miki kwanciyar hankali ki zaɓi mata 'yan'uwanki, kuma mutanen gidanki su san abin da kike yi da lokutan da kike yinsa. Kada ki ba kowa lambar wayarki, ko adireshinki, ko sunan asibitin da kike aiki, balle lambar BVN ko NIN ko lambar sirrin da banki ke turowa. Ki yi hattara da wanda zai shafe makonni yana nuna kirki, daga baya ya kawo maganar zuba jari a kuɗin kirifto ko wata larura da ta same shi. A matsayinki na ma'aikaciyar jinya akwai tarkon da aka ɗana musamman domin irinku, wato alƙawarin samo aiki da takardar ɗaukar nauyi a Ingila idan an biya wasu kuɗi. Mutane da dama sun yi asarar dukiya ta wannan hanya. Haka kuma idan kina ba da labarin aiki, amanar majinyatanki tana wuyanki ko da wanda ke saurare yana wata nahiya, don haka ban da suna, ban da hoto.

Idan Ingila ce manufarki, hukumar NMC mai rajistar ma'aikatan jinya tana neman maki 7 a ɓangaren magana, tana kuma karɓar jarrabawar OET da aka tsara domin ma'aikatan lafiya, wadda ake yin maganarta a sigar hira tsakanin ma'aikaci da majinyaci. Ki duba shafinsu kafin ki biya kuɗin rajista, domin ƙa'idoji kan sauya. Hira da baƙi za ta saki harshenki, amma ba za ta gaya miki makin da kike kai ba. Saboda haka a watan ƙarshe ki ware kuɗin zama biyu ko uku da malamin da ya san ma'aunin jarrabawar, a nan gida ko a dandalin intanet na malaman harsuna irin italki, ya yi miki gwaji cikakke. Kafin nan, yau ɗin nan ki ɗauki muryarki a waya kina magana ta minti biyu a kan aikinki, ki ajiye. Bayan mako shida na kira uku a kowane mako ki sake ɗauka a kan batun, ki saurari biyun a jere, ki rubuto mini abin da kika ji ya sauya da abin da ya ƙi sauyawa, sai mu duba shi tare.