Tambaya da Amsa: Na Sayi Fili, Ta Ina Zan Fara Tsara Gidan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya hore min na sayi fili 50 da 100 a bayan gari nan Kano, awon igiya ne, fuskarsa na kallon yamma. Ina da mata ɗaya da yara huɗu, maza biyu mata biyu, kuma Hajiyarmu za ta dawo wajena da zama. Maginin da na samu ya ce a dasa fulat a tsakiyar filin a zagaye da katanga kawai, uwargida ta ce ita gidan da ba tsakar gida ba gida ba ne, ƙanina kuma ya dage sai an fitar da shaguna a gaba. Kaina ya kulle wallahi, don Allah a ba ni shawara. Daga wani magidanci, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya alheri, ya sa da rai da lafiya za a shiga. Zan fara da raba gardama, a cikin mutum ukun nan uwargida ce ta fi gaskiya, amma kafin mu zo kanta akwai abin da nake so ka yi wanda ko sisi ba zai ci maka ba. Ka je filin nan sau biyu, ɗaya da la'asar sakaliya ka tsaya ka ga inda rana take duka, ɗaya kuma bayan an yi ruwa mai ƙarfi ka ga ina ruwan yake bi, ina yake kwanciya. In yanzu rani ne to ka tambayi waɗanda suka riga ka tarewa a layin yadda suke kwana a watan Agusta, su ba za su ɓoye maka ba, dillali ne zai ɓoye.

Maganar ruwan nan na sa ta gaba ne saboda awon igiya ka ce, wato ba gwamnati ce ta yanka filayen ba. Titin da kake gani yau na ƙasa ne, wata rana za a zo a yi ciko a zuba kwalta a gina kwata, titi ya ɗaga sama gidanka ya koma rami. Akwai wani gida da na taɓa shiga, daga bakin ƙofa sai ka sauka matakala biyu kafin ka taka tsakar gida, an yi wani dogon dandamali a ƙofar don tare ruwa, tsohuwar gidan sai an riƙe ta take tsallakawa, kuma duk da haka in hadari ya haɗu sai ka ga an jera bokitai ana jira. Lokacin da aka gina shi daidai yake da titi fa. Don haka ka ɗaga daɓen gidanka sama da titi da kamar ƙafa biyu, kuɗin cikon zai yi maka ciwo yanzu amma sau ɗaya za ka biya shi.

Fuskar filin kuma kar ta dame ka, ni a wajena ma ka yi dace. Tunda ƙafa 50 ɗin ce a bakin titi, tsawon 100 ɗin ya miƙa ne daga yamma zuwa gabas, kenan dogayen bangwayenka kudu da arewa za su kalla, kuma nan ne ya kamata tagogi su fi yawa. Ranar yamma ita ce muguwa, bangon da ta daka tun daga azahar har magariba zafin da ya sha cikin dare yake amayar da shi, shi ya sa za ka ga ɗaki ƙarfe sha biyun dare kamar gidan burodi, fanka na juyawa amma iskar zafi take kaɗowa. To a ɓangaren yamma ka sa abin da ba a kwana a ciki, wajen ajiye mota, sito, ɗakin baƙi, su sha ranar a madadinku. Gabas kuma ranarta mai sauƙi ce amma daga can hadarinmu yake tasowa, tsofaffin maginan ƙasa sun san wannan, bangon gabas ne yake fara zaizayewa, don haka tagar da ta kalli gabas a yi mata rumfa ko a ja bakin kwano ya fito sosai. Kowane ɗakin kwana in da hali ya samu taga a bango biyu, iska ta shiga ta nan ta fita ta can, ranar da aka ɗauke wuta a watan Afrilu za ka tuna da ni.

Yanzu ga maganar uwargida. Shi magini yana kallon gidan ne daga waje, yadda zai yi kyau in an buɗe get, ita kuma tana kallon inda za ta yi wanki, ta yi shanya, ta hura gawayi ranar da gas ya ƙare, inda za a ɗora tukunya ranar suna, inda za a ɗaure ragon layya, inda Hajiya za ta shimfiɗa tabarma da yamma jikoki na wasa a gabanta. In ka dasa fulat a tsakiya abin da zai rage maka siraran lunguna ne guda huɗu da ba su da amfani sai tara shara da tsofaffin tayoyi. Ka matso da ginin gaba, ka bar wajen mota kawai, sannan ka tara sauran filin wuri ɗaya a baya, ko da ƙafa 25 zuwa 30 ne. Tunda bayan naka gabas ne, da safe rana ta busar da shanya, da yamma kuma inuwar ginin ta rufe wajen. A gefe da gefe ka bar kamar ƙafa biyar tsakanin gini da katanga, kar ka manne, don iska da kuma ruwan kwanonka kar ya zuba gidan maƙwabci a fara shari'a.

Kakanninmu da suka yi zaure, sannan shigifa, sannan cikin gida ba ƙauyanci ba ne, sun shirya ne yadda baƙo zai zo ya ci ya sha ya tafi bai ga matan gida ba. Yanzu sai mu yi falo ɗaya ƙato, ta nan ake shiga kicin, ta nan ake shiga ɗakuna, abokanka su zo kallon ƙwallo matarka ta zama fursuna a ɗaki har sai an tashi. Ka fitar da ɗakin baƙi da banɗakinsa a gaba, ƙofarsa daban, sannan mata su samu hanyarsu ta gefe zuwa tsakar gida. Ɗakin samari ya kasance kusa da na baƙin, na 'yan mata a ciki, ko da yanzu ƙanana ne gobe kaɗan za ka ga sun kai shekara goma an raba musu makwanci.

Ɗakin Hajiya kuwa ka yi masa tunani na musamman. Ya buɗe kai tsaye zuwa tsakar gida, da banɗakinta a ciki, ba matakala, tayil ɗin banɗakin kuma mara santsi. Kuma a yi yadda baƙinta za su isa wajenta ba sai sun ratsa falon uwargida ba, ba don ana zaton wani abu ba, zo mu zauna ne dai zo mu saɓa, kowa da ƙofarsa an fi ganin girman juna.

Sai rijiya da sokawe, nan mutane suke kashe kansu ba su sani ba. Masana lafiya suna son tazarar kamar mita 30 tsakaninsu, filinka kuma gaba ɗayansa kusan mita 15 da 30 ne, ka ga ke nan ba ka da zaɓi sai ɗaya a wannan ƙarshen ɗaya a wancan. Sokawe a gaba kusa da titi yadda motar kwasa za ta kai tiyo ba sai an fasa daɓe ba, rijiya ko burtsatse a can baya. Amma kafin a haƙa ka leƙa ka tambayi maƙwabcin bayanka ina ya sa tasa shaddar, kar ka guje wa taka ka je ka jingina da tasa.

Banɗaki kuma a duba alƙibla. Daga Kano alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa, kusan digiri 68 in ka auna da manhajar waya, to a dasa masan yadda mai zama zai kalli kudu ko arewa. Malamanmu na Malikiyya sun sauƙaƙa in a cikin gini ne, amma tunda a takarda kake tukuna juya shi ba ya cin komai.

Shagunan ƙaninka ban hana ba amma ka lissafa, in get ya ci ƙafa 12 abin da ya rage shago uku ne a matse, wajen mota ya tafi, ga majalisa a ƙofar gidanka har dare, iyalinka na ratsa maza in za su fita. In kuɗin haya dole ne ka yi ɗaya a kusurwa nesa da ƙofar shiga. Ko shago ko ba shago dai ka samu mai zanen gini ya zana maka, ka kai hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, a amince kafin ka zuba fandisho, in kuma kana da niyyar ɗora bene nan gaba yanzu za ka faɗa wa injiniya, ba sai an kai linta ba.

In zanen ya fito kar ka tsaya kallon takarda, yawancinmu ba ma gane ta. Ka sayi igiya da turaku, a zana ɗakunan da toka a ƙasa, ka ɗauko uwargida da Hajiya ku shiga ku zagaya. Ta tsaya a kicin ta ga nisansa da tsakar gida, a auna gado ƙafa shida da shida da wadrob da madubi a cikin ɗaki 12 da 12 a ga ko akwai sauran wajen shimfiɗa sallaya. In babu, a matsar da turken ya koma 12 da 14 tun bulo bai hau ba.