Amsa ga maman da 'yarta ke kukan zuwa makaranta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana na faɗuwa, kamar labarin gidana kika rubuto. Kin ce yarinya 'yar shekara biyar, tun da kuka sauya mata makaranta kullum da safe sai kuka da ciwon ciki, ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, babanta kuma ya ce sangarta ce, a zane ta. Don girman Allah kar a dake ta. Na ga wasu da suka riga ni ba ki amsa suna cewa ki toshe kunnenki za ta saba, wasu na cewa a yi mata ruƙiyya. Addu'a kam ba ta yawa, a yi. Amma ciwon cikin da ke tashi ranar Litinin ya kwanta ranar Asabar, ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ke faruwa a ajin nan.

Nawa namiji ne, yana naziri biyu lokacin. A gida Hausa muke yi zalla, muka kai shi irin makarantun kuɗin nan da aka hana yin Hausa, duk wanda ya yi sai a ci shi tara. Yaron da surutunsa ke hana mu jin labarai a rediyo ya koma kurma. Ya dawo ya raɓe a bayan ƙofa, abincin tararsa yadda na zuba haka yake dawowa. Da asuba ya riƙe min zani yana cewa Umma cikina. Sai wata rana ya dawo da wandon da ba nasa ba, nasa a ƙulle a leda cikin jaka. Na yi tambayar duniya ya ƙi magana. 'Yar maƙwabciyarmu da suke aji ɗaya ce ta fasa ƙwan.

Ashe fitsari ya matse shi, ya ɗaga hannu ya ce wa malamarsu Anti zan yi fitsari. Ta ce sai ya faɗa da Turanci. Yaro bai iya ba. Ya sake roƙo, ta ce ya koma ya zauna. Har ya sake shi a wando. Ba ta tsaya nan ba, ta fito da shi gaban allo, ta sa yara su tafa masa suna waƙar nan ta shem-shem, ya tsaya a jiƙe har aka fita tara. Daga ranar suka laƙaba masa suna, ba wanda ke yarda ya zauna kusa da shi. Kuma fa ba a kira ni ba, ba a rubuto ko layi ɗaya ba, aka ara masa wando aka turo min shi kamar ba a yi komai ba.

Da na je, baiwar Allah nan ko kunya babu. Tana taunar cingam take ce min ai haka ake koya musu, in ba a matsa ba ba za su iya Turanci ba, wai iyayen ma abin da suke biya ke nan. Na ce Anti, ke da naki ɗan za ki yarda? Ta ce ita 'ya'yanta tun a gida suke jin Turanci. Har yau in na tuna maganar nan sai na ji zuciyata na tafasa. Shugabar makarantar kuma sai haƙuri take ba ni a tsaitsaye, hankalinta na kan ko mun gama biyan kuɗin zango. Surukata ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na cika shagwaɓa yaro. Kowa ya bar ni ni kaɗai da yaron da ke firgita cikin barci. Na bar ta da Allah, ban ce na yafe ba tukuna.

To ki fara da yarinyar, amma kar ki tsare ta da "me aka yi miki?", ba za ta faɗa ba. Ki bari sai kina mata wanka ko kitso. Ko ki ce ku yi wasan makaranta, ita ce Anti, ke ce ɗaliba. Wallahi za ki sha mamaki, duk abin da ake musu a aji sai ta yi miki shi, har muryar. Ki tambaye ta da wa take cin abinci lokacin tara, wa ke raka ta banɗaki, ina take zama. In ba ta iya kiran sunan ƙawa ko ɗaya ba, kin samo bakin zaren.

Ki kuma kai ta asibiti a duba fitsarin, don ciwon sanyin mafitsara na sa yaro fitsarin kwance, tsutsar ciki ma na kawo ciwon ciki. A duba ido da kunne. Yaro da yawa ana ce musu daƙiƙai alhali allon ne ba sa gani. Sannan barci: masu shekara uku zuwa biyar awa 10 zuwa 13 likitoci suka ce su samu a yini. Mu kuwa boko da safe, Islamiyya da la'asar, ga lesin, ga aikin gida shafi uku. Wace 'yar shekara biyar ce za ta ɗauki wannan?

Maganar maigida kuwa, kar ki yi gardama da shi a gaban yarinya. Ki tuna masa hadisin da ke cikin Abu Dawud, a umarci yaro da salla yana ɗan bakwai, ba a ambaci duka ba sai a shekara goma. Salla ke nan fa. To ina ga ABCD a shekara biyar? Nawa maigidan da wannan na rufe masa baki.

Wannan haukar Turancin ma ni ta ishe ni. A 1977 tsarin ilimin Najeriya ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ife tun 1970, aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, kuma Turancinsu bai lalace ba. A 2022 gwamnati ta ce har aji shida, a 2025 aka soke. Su dai suna ta juya mu. Ni ban hana a koyi Turanci ba, amma yaron da ke tsoron buɗe baki wane yare zai koya?

Ki je makarantar ba tare da sanarwa ba, wajen lokacin tara, ki tsaya daga nesa ki ga inda 'yarki take. Ki leƙa banɗakin da idonki. Ki yi magana da malamar cikin mutunci tukuna, don akwai na kirki da yawa, aji ne ya yi musu yawa ga albashi ba ya kai su ko'ina. Ki roƙa a zaunar da ita gaba, a haɗa ta da yarinya ɗaya mai haƙuri, a ba ta ɗan aiki ko na raba fensir ne. In sun yi miki irin abin da aka yi min, ki kai maganar taron iyaye da malamai, za ki tarar ba ke kaɗai ba ce.

Ni dai cire shi na yi, kuɗin zangon ya bi ruwa. Inda na mayar da shi ko fenti babu, amma malamar na tsayawa a ƙofa ta gaida kowane yaro da sunansa, in bai gane ba ta faɗa masa da Hausa. Fitsarin ya ɗauki lokaci kafin ya tsaya, don haka ki sayi leda ki shimfiɗa, kar kowa ya yi mata gori, musamman yayyenta. Sa wando na biyu a jakarta kullum. In kin je kin dawo ki faɗa mana abin da kika gani, kuma ki gaya min ko tsohuwar makarantar tata tana da nisa da ku.