Wane itace ya dace da sassaƙa lofe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni masassaƙi ne a Gadarif, ƙasar Sudan. Na sassaƙa lofe biyu da itacen darbejiya, ɗaya ya tsage, ɗayan kuma ɗaci yake yi, ga ruwa yana taruwa a ƙasan tukunyar da ake zuba taba. Wane itace da kayan aiki zan nema?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Darbejiya ba ta wannan aiki, ɗacinta yana bin hayaƙi. Tsagewar kuwa, ɗanyen itace ka sassaƙa.

Abin da masu sana'ar suka fi amincewa da shi shi ne biraya, wato kumburarren gindin wani ɗan itace da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, irin su Italiya, Girka da Aljeriya. Yana jure wuta, yana kuma shanye danshi. Ana dafa shi cikin ruwa sa'o'i masu yawa don ruwan jikinsa ya fita, sannan a shanya shi watanni. Samunsa a Sudan sai an yi saƙo daga waje. Idan bai samu ba, nemi zaitun. Abanus, wanda muke kira tabum, ka bar shi ga bututun da ake sa wa a baki, don yana da maiƙo, ƙurarsa kuma tana sa wasu ƙaiƙayi. Katakon da aka taɓa yi wa fenti ko maganin gara, da falawud mai gam, kada ka kusance su. Guba ce ƙari a kan wadda tabar ta zo da ita.

Bushewar iskar Gadarif a rani ita ke tsaga itace, domin waje yana bushewa ciki na nan jiƙe. Ka shafe bakin gungumen sama da ƙasa da narkakken kyandir, ka ajiye a inuwa. Lissafin masu katako shi ne kusan shekara guda ga kowane kaurin santimita 2 da rabi.

Kayan aikin ba su da yawa: zarto, magagari mai kaushi da mai laushi, injin huda, abin matse katako, da samfefa daga lamba 150 zuwa 600.

Ruwan da ka gani kuwa laifin huda ne, kuma nan ne aikin yake. Ka huda tun katakon yana da kusurwa huɗu, kafin ka fara sassaƙa, don a lokacin ne zai matsu ba motsi. Ka zana layukan hudar a gefensa. Fara da ramin da bututu zai shiga, milimita 8, sai hanyar hayaƙi, milimita 4, sannan tukunya mai faɗin milimita 19 ko 20, zurfin kusan 35 zuwa 40. Ka riƙa sauka a hankali har hanyar hayaƙin ta ɓullo daidai ƙasan tukunyar, a tsakiya. In ta ɓullo sama, tabar ƙasa ba za ta ci ba, ruwa ya kwanta. In ta yi ƙasa sosai, gindin ya yi siriri ya ƙone. Ka bar wa bangon tukunya kaurin milimita 7 aƙalla, in ba haka ba ba zai riƙu a hannu ba saboda zafi.

A ƙarshe ka goge wajen da kakin kanauba, wato wani kaki mai tauri da ake samu daga ganyen wata bishiya, ko kakin zuma in shi ke kusa, sai dai shi yana yin laushi idan lofen ya ɗau zafi. Cikin tukunyar kada ka shafa masa komai.